Kafiretar 504 da ka gada: me za ka iya yi da hannunka, me za ka bar wa makanike

Wani malamin makaranta daga Tahoua ya rubuto yana cewa: "Mahaifinmu ya rasu bara, kuma da aka raba gado motarsa Peugeot 504 mai amfani da fetur ta faɗo a kasona. Tun muna yara a cikinta yake kai mu ƙauye. Yanzu tana shan mai fiye da kima, tana fitar da baƙin hayaƙi, kuma da na tsaya a mahaɗar hanya sai ta mutu. Makanikai biyu sun ce kafiretarta ta gaji. Wana yana cewa in sayar da ita in huta, ni kuwa zuciyata ba ta yarda ba. Ina so in sayo wata kafiretar in ɗaura da kaina, domin kuɗina kaɗan ne kuma ina son in san motar, amma ko buji ban taɓa kwancewa ba. Ina tsoron in ɓata abin da Baba ya riƙe shekara da shekaru. Me ya kamata in yi?"

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya kuma ba ku haƙurin rashinsa. Amsata a taƙaice ita ce, cire kafireta daga kan injin 504 da ɗaura wata a wurinta aiki ne da mutum mai natsuwa zai iya yi ko da bai taɓa riƙe sifana ba, amma abubuwa biyu da ke gefen wannan aikin sun fi shi wuya nesa ba kusa ba, wato tabbatar da cewa kafiretar ce mai laifi tun kafin a taɓa ta, da kuma saita wadda aka ɗaura bayan an gama. A kan waɗannan biyu ne nake so ka nemi idon wanda ya daɗe a sana'ar, sauran kuwa ka yi da hannunka ba tare da fargaba ba.

Tsoron da kake ji ya ragu, domin motar da ke hannunka ba ta cikin masu wuyar sha'ani. Peugeot ta fitar da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, kuma bayan an daina ƙera ta a Faransa, kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Wannan ne dalilin da ya sa kayanta ba su ɓace daga kasuwanninmu ba, daga Yamai har Ƙonni da Sakkwato da Kano, kuma shi ne ya sa har yau akwai dattawan makanikai da suka tashi a ƙarƙashin murfinta. Injinta mai silinda huɗu ne, a kishingiɗe yake, babu kwamfuta a ciki, kuma duk abin da ke aiki ido yana ganinsa, hannu yana kaiwa gare shi.

Yana da kyau ka san aikin kafiretar kafin ka yanke mata hukunci. Inji ba ya ƙona fetur tsagwaronsa, cakuda fetur da iska yake ƙonawa, kuma ma'aunin da ya dace shi ne kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Idan fistin ya sauka yana zuƙo iska, iskar takan ratsa wani ƙunƙuntaccen maƙogwaro a tsakiyar kafiretar, gudunta ya ƙaru, sai ta jawo mai ta wasu ƙananan ƙusoshin tagulla masu rami a tsakiya, waɗanda makanikanmu ke kira jiklar. Man yana taruwa ne a wani ɗan kwano da ke gefe, kuma a cikin kwanon akwai fulota da ke shawagi a kan man, wadda idan kwanon ya cika takan tura wata ƴar allura ta toshe hanyar shigowa. A can ƙasa kuma akwai faifan ƙarfe da ke juyawa a kan wata siririyar sanda, shi ne yake buɗewa idan ka taka totur. Sai cok, wanda ke rage iska don injin ya sami mai da yawa lokacin tayarwa da sanyi.

To, a nan ne nake da ja da maganar makanikan nan biyu. Ba cewa nake sun yi ƙarya ba, sai dai kalmar "ta gaji" ta yi faɗi da yawa. Gajiya ta ainihi, irin wadda ke wajabta canji, wurare biyu take kamawa. Na farko shi ne ramin da sandar faifan nan ke juyawa a ciki, domin jikin kafiretar an zuba shi ne da ƙarfe mai laushi, sanda kuma ta shekara talatin ko arba'in tana goga shi tare da ƙurar hunturu, har ramin ya buɗe, iska ta riƙa satar hanya tana shiga ta gefe. Na biyu shi ne gindin kafiretar, wanda yakan lanƙwashe idan an daɗe ana matse notocinsa da ƙarfin tsiya. Waɗannan biyun ƙarin iska suke kawowa, sai ka ji injin yana hawa yana sauka shi kaɗai mota na tsaye, ko ya ƙi zama a ralanti, wato gudun da inji ke yi ba a taka totur ba. Baƙin hayaƙi da shan mai kuwa alamar yawan mai ne, kuma mafi yawan lokuta abin da ke jawo su ƙaramin abu ne mai arha: allurar da ta cinye ba ta toshe hanya da kyau, fulotar da ta huje ta sha mai ta nutse, cok da ya maƙale bai buɗe duka ba, ko matatar iska da ta toshe da ƙura. Yana yiwuwa kuma ka haɗa duka biyun, wato sanda ta yi lako-lako, wani ya ƙara mai ta hanyar juya sukurun saiti don ya rufe matsalar, motar ta koma tana zuƙar mai ba gaira ba dalili.

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. Inji a kashe kuma a sanyaye, ka kama ƙarshen sandar nan inda wayar totur ke ɗaure, ka girgiza ta sama da ƙasa. Idan ka ji tana motsi a fili har tana ɗan ƙara, ko ka ga dattin mai baƙi ya taru a kewayen ramin, to gajiyar gaskiya ce. Idan kuwa ta tsaya daram, ka ajiye maganar sayen wata tukuna. Daga nan ka buɗe gidan matatar iska. Yawancin 504 da aka yi wa ƙasashenmu suna da matata mai kwanon baƙin mai a ƙasa, kuma idan aka daɗe ba a wanke ta ba, man yakan zama taɓo, iska ta kasa wucewa. Ka leƙa maƙogwaron kafiretar ka ga ko faifan cok yana tsaye sosai bayan ka mayar da maɓallinsa. Sannan ka kwance buji ɗaya bayan ɗaya, kana mayar da kowace waya inda ka cire ta, domin jerin tashin wutar injin 1-3-4-2 ne kuma idan wayoyin suka cakuɗe motar ba za ta tashi daidai ba. Bakin buji mai kalar ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙi busasshe kamar toka ta kunkunniya yawan mai ne, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke haurawa, wanda ba ruwan kafireta da shi.

Akwai ƙa'idar da duk gogaggen makanike yake bi, kuma ina so ka riƙe ta: ba a taɓa saitin kafireta sai an tabbatar da wuta da bawul suna daidai. Delko shi ne ke raba wa buji wuta bi da bi. Delkon da ƴan ƙarafan yanke wutarsa suka cinye, ko aka kauce lokacin tashin wutarsa, yana sa mota ta mutu a tsaye, ta yi nauyi, ta sha mai, kuma mutane da yawa sun sayi kafireta sabuwa a kan wannan laifin sun dawo gida da matsalarsu yadda take. A injin fetur na 504 tazarar ƴan ƙarafan delko milimita 0.40 ce, bawul ɗin shigar cakuda 0.10, na fitar hayaƙi 0.25, ana auna su inji na sanyi. Ba na cewa ka yi wannan da kanka a karon farko. Ka nemi dattijon makanike a cikin garin Tahoua, cikin waɗanda suka yi aiki a kan 404 da 504 tun suna jigila tsakanin Tahoua da Ƙonni da Agadez, ka gaya masa gaskiya cewa koyo kake so, ka biya shi kuɗin lokacinsa, ka tsaya kusa da shi yana yi kana kallo. Irin waɗannan mutane sukan ji daɗi idan suka ga mai son sanin abin da matasan gareji suka fara mantawa, tunda yawancin motocin da ke shigowa yanzu ba su da kafireta.

Idan bincike ya nuna cewa laifin na allura ne ko fulota ko ƴar robar famfon da ke fesa mai lokacin da ka taka totur, akwai ƙunshin gyara da ake sayarwa, mai ɗauke da juwan-juwan (ƴan shimfiɗun da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana yoyo) da allura da robobi, kuma shi ne zaɓin da na fi so maka saboda ya fi arha kuma ya bar maka ainihin abin da motar ta zo da shi. Ko sandar ce ta yi lako-lako, mai injin feƙe ƙarfe da ya ƙware yakan iya faɗaɗa ramin ya dasa zoben tagulla, ta dawo ta tsaya. Gindin da ya ɗan lanƙwashe ma ana goga shi a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi har ya daidaita. Sai jikin ya tsage, ko zaren sukurori ya mutu, ko lanƙwasar ta wuce gyara, sannan canji ya zama dole.

Idan ta kai ga saye, kada ka je kasuwa da sunan motar kawai. An fitar da 504 da injin fetur mai girman cc 1796 da kuma mai cc 1971, kuma a tsawon shekarunta an ɗaura mata kafiretoci iri-iri na Solex da Zenith, wasu masu maƙogwaro ɗaya, wasu masu biyu, wasu da cok na hannu, wasu da cok mai aiki da zafin ruwan inji. Sunan kamfani da lambar iri suna rubuce a jikin kafiretar, sau da yawa kuma akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai lamba a ƙarƙashin ɗaya daga sukurorin murfi. Abin da ya fi duka shi ne ka tafi da tsohuwar a cikin jaka, ka ajiye ta kusa da wadda za a sayar maka, ka gwada gindi da gindi, ka duba ko tazarar ramukan noti ɗaya ce, ko hannun totur yana gefe guda, ko bakunan tiyo sun yi daidai da yawansu da wurarensu. A Yamai, wajen masu kayan mota na hannu a Turaku da kewayen Katako, za a iya nuna maka kafiretoci da yawa da aka ciro daga motocin da suka mutu, amma ka tuna cewa shekarunsu ɗaya da taka, don haka ka girgiza sandar kowace kamar yadda ka yi wa taka. Sababbi masu sheƙi da ake kwaikwayo kuwa, wasu suna aiki, wasu kuma ramukan jiklar ɗinsu ba su dace da injin ba. Kowace jiklar tana da lamba a jikinta, ka kwatanta da na tsohuwar, kuma idan zaren ya yi daidai ana iya mayar da na tsohuwar cikin sabuwar. Ka yi yarjejeniya da mai sayarwa a gaban shaida cewa idan ba ta yi ba za ka mayar.

Yanzu ga ranar aikin. Ka zaɓi safiya, a wuri mai inuwa da iska ke ratsawa amma ba ranar da ƙura ke tashi ba, inji ya kwana bai yi aiki ba. Wannan maganar ba ta wasa ba ce: a nisantar da gaushin shayi da sigari da duk wata wuta daga wurin, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da garwashi inda ba a zata ba. Ka ajiye abin kashe gobara kusa, in babu shi to bokitin yashi, saboda ruwa ba ya kashe wutar fetur, watsa ta yake yi. Ka fara da cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe, kuma duk lokacin da ka cire wani abu ka sake ɗauka. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, ka riƙa jera duk noti da wasa (ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti) da sifirin a kai bi da bi yadda suka fito, ka kuma manna ƴar takarda mai lamba a kowane tiyo.

Gidan matatar iska ne zai fara sauka, sai tiyon mai, wanda za ka tare da tsumma domin ɗan mai zai zubo, sai wayar totur da sifirin da ke mayar da ita, sai wayar cok, sai siririn tiyon da ke zuwa delko. Idan taka tana da tiyon ruwa a gindi ko a wajen cok, ruwan lagireto zai fito, don haka ka tanadi abin toshewa. Bayan ka kwance notocin gindi ka ɗaga ta a miƙe, kwanon yana cike da mai, ka juye shi a gwangwani. Nan take ka cusa tsabtataccen tsumma a bakin ramin da ya bayyana, saboda ƙaramin wasa guda da ya faɗa ciki zai iya kaiwa ga bawul ko fistin ya jawo kwance injin gaba ɗaya, kuma wannan ita ce ɓarna mafi girma da sabon hannu ke iya yi a wannan aikin. Ka kankare tsohon juwan a hankali ba tare da ka karce ƙarfen ba. Idan akwai wani kauri mai kama da baƙar roba mai tauri tsakanin kafiretar da injin, kada ka yar da shi, shi ne ke hana zafin inji tafasa man da ke kwano, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tahoua ke haura maki 40, motar da ba ta da shi takan ƙi tashi bayan an kashe ta da zafi.

Wajen ɗaurawa, ka cire tsumman nan da farko, ka sa sabon juwan ba tare da shafa masa gam ba, ka ɗora kafiretar, ka ɗaura notocin da yatsu har su zauna, sannan ka matse su da sifana kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai wancan, ka tsaya da zarar sun kama. Ƙarin matsi ba ya hana yoyo, gindin yake lanƙwasawa. Ka sa sabon tiyon mai da sababbin maɗauri, da ƙaramar matatar mai mai garai-garai kafin kafiretar. Idan ka ga jan gari a cikin kwanon tsohuwar, tankin ya yi tsatsa, kuma sai an sauke shi an wanke, in ba haka ba sabuwar ma za ta toshe cikin ɗan lokaci. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa yakan zo da ƙura, wani lokaci da ruwa, don haka idan lalura ta sa ka saya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Kada kuma ka yarda a ɗaura maka famfon lantarki na motocin zamani a madadin famfon injin, domin ƙarfin turawarsa ya ninka abin da allurar kwano ke iya tarewa kusan sau goma, mai zai malalo kan inji mai zafi.

Kafin ka tayar, wani ya zauna ya taka totur har ƙasa kana kallon faifan yana buɗewa duka, ya saki kana ganin ya koma da kansa ya rufe. Toturin da ya maƙale a buɗe a kan hanya haɗari ne ga rai. Kwanon sabuwar babu mai a ciki, saboda haka injin zai ɗan juya kafin ya kama, ka ba shi hutu tsakanin kowace murɗa makulli. Za ka ga wasu suna tsiyaya fetur a maƙogwaron kafireta wani na murɗa makulli, kada ka yi haka, kada ka bari a yi a motarka, domin wuta takan dawo ta maƙogwaron ta kama hannu da fuska. Da ya tashi, ka zagaya da idonka da hancinka kana neman ɗigon mai, in ka gani ka kashe nan take.

Saitin ralanti shi ne wurin da za ka sake kiran dattijon nan. Sukurori biyu ne, ɗaya na gudun inji, ɗaya na yawan man cakuda, kuma ana taɓa su ne bayan inji ya yi zafi sosai, cok a buɗe, matatar iska a ɗaure. Sukurun cakuda bakinsa siriri ne, ana shigar da shi a hankali har ya taɓa ƙarshe ba tare da matsi ba, a dawo da shi kamar zagaye biyu a matsayin mafari, sannan a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan ana sauraro har injin ya yi sumul, a kuma daidaita gudun tsakanin juyi 800 zuwa 900 a minti. A rubuce abu ne mai sauƙi, amma kunne ne ke yin aikin, kuma kunnenka bai saba ba tukuna. Ka roƙe shi ya bar sukudireban a hannunka, shi yana gaya maka lokacin da sautin ya gyaru.

Game da wanka da ke cewa ka sayar da ita, kada ka ɗauki maganarsa a matsayin rashin damuwa da abin da Baba ya bari, wataƙila yana tsoron kada motar ta cinye maka albashi ne, kuma tsoron yana da tushe. Ka sa makaniken ya auna matsin silinda huɗun, ya duba burki da ƙasan mota inda tsatsa ke ci, ka rubuta abin da kowane gyara zai ci, ka kai wa wanka ku duba tare. Idan injin da gangar jikin suna da lafiya, matsalar kafireta kaɗai ba ta isa dalilin sayar da 504 ba. Idan kuwa aka samu fistin sun gaji kuma ƙasa ta ruɓe, to lissafi ya canza, kuma gara ka sani kafin ka kashe kuɗi a kan kafireta.

Bayan an gama, ka yi kwanaki kana yawo da ita cikin gari kawai, ka cika tanki ka rubuta kilomita don ka san ainihin abin da take sha, sannan ka sake kwance buji ka duba kalarsu kafin ka hau hanyar Ƙonni. Tsohuwar kafiretar kuma kada ka bayar da ita ko da mai sayarwa ya ce zai rage maka kuɗi a kanta. Ka wanke ta, ka busa ramukan jiklar da iska, kada ka zura musu waya ko allura domin hakan na faɗaɗa su, ka naɗe ta a leda ka ajiye, saboda lambobin da ke jikinta su ne za ka koma wa duk ranar da saiti ya rikice.